Aron Nauyi a Tizi Umalu

Dda Arezki, wato dattijo Arezki, bai taɓa kiran motar igiyar da wani suna ba sai Kwando. Akwatunan ƙarfe ne guda biyu rataye a jikin igiya, tsakanin garin kwari da ƙauyensu Tizi Umalu da ke ƙolin dutse. In ɗaya na hawa, ɗayan na sauka. Masu haƙar tama ne suka kafa ta tun zamanin Faransawa. Da tamar ta ƙare, aka sa mata benci da ƙofa, ta koma jigilar mutane da awaki da buhunan zaitun. Arezki ya kama aikin ƙofarta gemu bai fito masa ba, bai bari ba sai da furfura.

Wutar lantarki kuwa, sai dai a yi sha'ani. Injin kan mutu da rana tsaka, ga mai jego ko tsoho a tashar ƙasa yana son gida. A nan ne mutanen tudu ke yin abin da suke kira aron nauyi. A buga ƙarfe a tashar sama, duk wanda ya ji ya yar da abin hannunsa ya shiga akwatin sama. Nauyinsu ya ja su ƙasa, ya ɗago na ƙasan, mai birki yana riƙe. Su kuma su tako gida da ƙafa ta hanyar awaki.

Da aka yanka titi har ƙauyen, hukuma ta ce Kwando ta tsufa. Aka yanke mata wuta, aka sa ranar kwance igiya. Arezki bai yi gardama ba, amma ranar ko abinci bai ci ba.

A damunar nan matarsa Farruja ta kwanta a asibitin kwari. Likita ya ja shi gefe ya ce ya kai ta gida, abin da ya rage na Allah ne. Ga shi ruwa ya zaftaro dutse ya toshe sabon titin, ba ranar buɗewa.

"Arezki," in ji ta, "kada ka bari in mutu ina kallon rufin ɗakin mutane. Kai ni ɗakina."

Ya buga wa Muhand Akli waya, tsohon mai birki, abokin faɗansa na kullum.

"Kai tsohon banza, birkinka na nan, ko ya zube kamar haƙoranka?"

"Ya fi gwiwarka lafiya. Wa za a ɗauko?"

"Farruja."

Muhand ya ce, "Sa ta a ciki."

Arezki ya kai ta tashar ƙasa, ya shimfiɗa mata bargo a kan bencin akwatin, ya ɗora kanta a cinyarsa. Tsoro ya kama shi sosai. Samari sun tafi birni, saura tsofaffi. Wa zai shiga akwatin da hukuma ta ce ya mutu? Igiya ta ƙi motsi. Farruja ta rufe ido, shi kuma yana ta salati yana kallon sama.

Sai ƙarfen ya yi ƙara, ƙasa ta fara nisa.

A tsakiya suka haɗu da akwatin sama. Wayyo, cike yake maƙil! Ga liman, ga mai gasa burodi da gari har gira, ga Dda Lunis da sandarsa. A bakin taga kuma Nna Tasadit ce, wato dattijuwa Tasadit, maƙwabciyar da ta yi shekaru ba ta gaisawa da Farruja saboda wata bishiyar ɓaure ta kan iyaka.

"Ke Farruja!" ta ƙwala. "Yau dai ƙibar nan tawa da kike zagi ta yi miki rana!"

Farruja ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Arezki kuwa hawaye kawai yake yi, bai ma share ba.

Aka kai ta ɗakinta. Arezki ya je zai tura ƙofa saboda iska, ta hana shi.

"Bar ta a buɗe. Ina so in ga dawowarsu."

Haka ta kwanta tana kallon hanya. Suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, laka har gwiwa, kowa ya leƙo ya ce sannu. Dda Lunis goyo shi aka yi. Arezki ya tsaya a bakin ƙofa yana sa musu albarka, har liman ya ce masa ya isa haka, ai ba a godiya a kan aron nauyi. Bai daina ba.

Sai bayan la'asar Tasadit ta iso, ita ce ta ƙarshe, tana haki tana tsine wa dutsen da wanda ya fara gina gida a kansa. Ta zube a gefen katifa. Farruja ta lalubo hannunta ta riƙe.

"To yanzu rufe, Arezki," ta ce. "Sanyi nake ji."

A ɗakin ta cika ranar Juma'a, titin bai buɗe ba tukuna.