Tambaya Biyu Da Na Kai Wa Innata

Shekara tara da aurena a garin Isa, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na tauna saiwar da ko akuya ba za ta kalla ba. Maigidana yana kai albasa Nijar ya dawo da dabino, mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ce mini uffan ba. Wallahi shirun nan nasa ya fi zagi yi mini ciwo, don ko faɗa nake so in yi babu abokin yi.

Ina shekara ashirin da takwas al'adata ta fara tsallake wata biyu, wata uku. Na ce abin nema ya samu. Da yake ɗinki nake yi, har na yanka 'yan riguna na ɓoye a ƙasan akwati. Da aka auna ni a asibitin garinmu aka ce babu komai, sai aka tura mu Sakkwato.

Likitar da ta duba ni mace ce. Bayan gwajin jini da hoton ciki, ta ce ƙwayayen haihuwata sun yi ƙaranci, kamar na macen da ta kusa daina al'ada. Akwai maganin da za a gwada, in ji ta, amma lokaci ba ya jira, kuma tana son sanin mafarin abin. Ta ba ni tambaya biyu. Ta farko, shin matan gidanmu suna daina al'ada da wuri? Ta biyu, na taɓa yin hangum, ciwon nan mai kumbura ƙarƙashin kunne, kuma kafin in fara al'ada ne ko bayan nan? Ta ce ba kasafai yake taɓa haihuwa ba, amma in ya kama yarinyar da ta soma girma yakan sauka mara. Ni dai na tuna kumburin fuska da yara suna yi mini dariya. Sauran duk zazzaɓi ya shafe.

Ta ce, "Ki tambayi mahaifiyarki mana, ai abu ne mai sauƙi."

Na yi dariya har ta ɗago ta dube ni. Ni 'yar fari ce. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, darnin kara ɗaya tsakaninmu da ɗakin Inna. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "waccan" take cewa. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, in na gaishe ta bango take amsa wa. Haka ake yi a ƙauyenmu Gangara, kuma har yabonta ake yi, wai ta fi kowa kunya. Kakar da ta san ciwona ta daɗe a ƙasa. To wannan matar ce zan tambaya yaushe ta daina al'ada?

Ba magana ce ta waya ba, Inna ko riƙe waya ba ta yi. Hanya kuma ba ta biyuwa sai an ce ta yi sauƙi, saboda mutanen daji. Mako bakwai na yi ina jira. Duk ranar kasuwa sai maigidana ya dawo daga tasha ya girgiza kai. Ina zaune gaban keke, ina ɗinka wa matan unguwa kayan suna, ina jin kwanakina suna zubewa. Ban taɓa jin ɗakina ya yi mini ƙunci kamar lokacin ba.

Ranar da muka samu wucewa, mota ta kai mu Sabon Birni, daga nan muka hau babur. Na tarar da Inna tana surfen gero a tsakar gida. Na kira Gwaggo, ƙanwar babana, ta zauna tsakaninmu, don ta bakinta maganar za ta bi. Na faɗa wa Gwaggo tambayar farko, ita kuma ta maimaita wa Inna, alhali taku uku ne tsakanina da turmin.

Inna ta ce, "Ki hwaɗa mata gidanmu ba a daina haihuwa da wuri. Da hurhura ga kaina na haihi autana."

Aka je ta biyu. Ta ci gaba da surfe, ta ce, "Yara duk suna ciwo. Wa ka tunawa da wanga?"

Nan raina ya ɓaci. Na sayar da raina a hanya don a ce mini wa ka tunawa? Na miƙe na riƙe taɓaryar.

"Inna, ni ka magana, ba Gwaggo ba. Ki dube ni."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ke! Ina kunya?"

Na ce, "Kunya ta ba ni ɗiya, Gwaggo? Shekara tara!"

Inna ba ta dube ni ba. Ta saki taɓaryar ta zauna a ƙasa, ta zuba wa geron ido, ta yi magana kamar da shi take.

"Ta yi shi. Wata biyu bayan ta hwara ganin al'ada. Anka shahwa mata shuni ga kumatu, anka ɗaure da ƙyalle. Kumburi ya sace, sai mara. Kwana tara tana birgima ɗakin tsohuwa, ina jin ta ta bayan darni. Sau ukku ina ɗaukar mayahi in ce a kai ta asibiti Sabon Birni, in na kai bakin ƙohwa sai in komo. Mi za a ce? Ta hito tana rawar jiki bisa ɗiyar hwari?"

Na zo da faɗa cike da bakina, sai na rasa inda zan sauke shi. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na ji haushin kaina da nake tausayinta. Gwaggo ta tashi ta kori kajin da suka faɗa wa geron.

Daga baya likita ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa hangum ɗin ne ba, kuma ko an kai ni asibiti a lokacin ba lallai ne a iya tare shi ba. Ta ɗora ni a kan magani, ta ce mu gwada, sauran na Allah ne. Har yau ina sha.

Amma Inna ba ta jira likita ba. Washegarin maganar da muka yi a bakin turmi, da hantsi, mai babur yana jirana a ƙofar gida, sai ga ta ta fito riƙe da hannun 'yar ƙanwata, wadda aka yaye watan da ya wuce. An yi mata wanka, an sa mata kwalli, an ɗaure 'yan kayanta a leda.

Gwaggo ta ce, "Mun yi magana da uwatta da ubanta. Riƙo na jawo haihuwa, ki tahi da ita."

Na san abin da ake faɗa kenan. Na kuma san ba a ɗaure wa mai sauran rabo kayan yarinya har da na sallah. Na so in ce ba na so, ban cire rai ba, ku bar ni in gwada maganina. Amma ba a mayar da kyautar ɗiya.

Na duƙa. Inna da kanta ta ɗora mini yarinyar a baya, ta zagayo da zane ta gabana, ta ja ta ɗaure a ƙirjina. A iya sanina, ranar ce hannunta ya fara taɓa jikina.

Ta ce, "Riƙe ta da kyau. In ta yi zazzaɓi, kak ki jira kowa."