Zama Kan Hannu: Shekara Huɗu Babu Yaya Bilkisu

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Makonni uku da suka wuce shugaban makarantarmu ya tare ni, ya tambaye ni ina aka kwana kan manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, wadda ni da abokaina biyu muka yi alkawarin haɗawa. Na buɗe baki na ce an gama kashi casa'in. Gaskiyar magana, shafin farko kawai muka gama, mai tambarin makaranta yana juyawa. Juyin kam, babu irinsa daga Tudun Wada har Gyallesu.

A wannan watan babbar yayata Bilkisu ta cika shekara huɗu da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Ita ke jagorantar wasu samari masu rubuta manhaja a wani ɗan shago a unguwar Kongo. Ba ta taɓa tambayar kowa kashi nawa ya gama ba. Duk Alhamis takan kira wanda zai yi amfani da manhajar, ma'aikaciyar asibiti ce ko mai kanti, ta miƙa masa waya. Shi kuma wanda ya rubuta sai ya zauna kan hannuwansa, zama na gaske, babu nuni, babu "danna nan". In baƙon ya kai ƙarshe shi kaɗai, ta matsar da katin aikin zuwa layin "an gama" a allon bango. In ya maƙale, kati ya koma baya.

Na taɓa ganin ɗaya daga cikin samarin, Yakubu, ƙato mai gemu, yana zufa kamar an ɗora shi kan murhu, yana nuna wa wata dattijuwa maɓalli da haɓa. Yaya ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, "Yakubu, haɓar ma zauna a kanta."

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ga zamaninmu. Yanzu ƙirƙirarriyar basira ke rubuta mana rabin aikin, allonmu kuma yana cikin waya, kore shar da alamun an gama, don mu muke yi wa kanmu maki. Na gaji da jin "saura kaɗan", ni da nake faɗa, ni da ake faɗa wa. Abin da ya hana ni sakat shi ne, saboda maganata malamai sun ajiye takardun cikewa da hannu, ga zango na shirin ƙarewa.

Bayan mun ƙara aiki a kan manhajar, ranar Alhamis na roƙi Malam Istifanus, malamin lissafi, ya gwada ta. Mu uku muka zauna kan hannu a gabansa kamar masu jiran bulala. Bai yi minti biyu ba ya tsaya. Ajinsa akwai A'isha Muhammad har uku, manhajarmu ta dunƙule su suka zama yarinya ɗaya mai maki ɗari biyu da wani abu. Ya cire tabarau, ya tambaye mu ko za mu taya iyayenta murna.

Ban gaji ƙwaƙwalwar Yaya ba, shagon ma an mai da shi wurin aski. Abin da ya rage mini nata shi ne wannan zaman, da kunyar da ke biyo bayansa. Kunyar ce ta kai ni ofishin shugaba na faɗi gaskiya.

Malamai sun cike sakamakon da hannu, an raba shi a makare da kwana biyu. Manhajar kuma a aji ɗaya kawai za a gwada ta zango mai zuwa.