Ranar da na yi wa garmaho ƙaho

Shekarun baya, a shekarar da aka sallamo sojojinmu daga yaƙin Nasara, abokina ya dawo ƙauyenmu kusa da Tabotaki. Su biyu suka tafi da ƙanensa, shi kaɗai ya dawo. Abin da ƙanen ya bari shi ne bargo da garmaho, akwatin nan da ake wanawa ya yi waƙa, da faifai guda ɗaya.

Akwatin ya sha wuya a hanya. Idan aka ɗora allura, muryar da ke fita a shaƙe take, tana kakari. Haka muryar marigayin take tun yana yaro, in yana waƙa wurin gayya. Ranar farko da mahaifiyarsu ta ji, sai ta ajiye taɓarya ta ce, "Auta na ne."

Daga nan ta ƙi yarda a yi masa sadakar mutuwa. Ta ɗauke akwatin ta kai ɗakinta. Tana dama fura ta ajiye masa a ƙoƙo, ita kuwa ba ta sha. Wata biyu ta rame har zane bai zama a ƙugunta. Ni ma na je na saurara sau ɗaya, da rana tsaka. Ban gane kalma ko ɗaya ba, amma na san muryar, don ni na yi masa askin tafiya.

Ni wanzami ne, kuma a lokacin ina ganin babu abin da ya fi ƙarfin zabirata. Abokina ya same ni gindin bedi, wato dogon yaro, ya ce, "Wanzan, Inna za ta mutu a kan ƙarhe. Na ga cikin abin ga a bariki. Wani ɗan gwangwani na ya lotsa, shi ka sa kakarin. In an tada shi, ta ji da kunnenta ba Auta ba na."

Na ce, "To mi ya hana ka tada shi?"

"Ya hi ɓawon albasa laushi. Yatsa na taɓa shi, ya hudu."

Ranar kasuwa ƙanwar tsohuwar ta lallashe ta suka fita. A bakin ƙofa ta gan ni da zabira, ta tsaya ta ce, "Kai ɗan nan, kar ka taɓa wa Auta maƙogwaro." Na ce aski na zo yi, wanda ba gaskiya ba ne.

Muka fito da akwatin inuwar rumbu. Da bakin aska na kwance murfin kan da ke riƙe allura. A ciki ga farin ƙarfe siriri, da ɗan tudu a tsakiya, gefe guda ya lotsa kamar an danna da babban yatsa. Ba a iya turo shi ta baya. Sai na tuna aikina: fata ma ba tura ta nake ba, jawo ta nake. Na zaɓi ƙahon da ya fi ƙanƙanta, na shafa kakin zuma a bakinsa don kada iska ta shiga, na kifa shi a kan lotsawar, na zuƙa a hankali.

Sau biyu babu abin da ya motsa. A na uku na ji ɓas, sai wata iska mai sanyi ta shige mini baki, da warin tsohuwar taba. Kajin da ke tsakar gida suka watse. Abokina ya ga na yamutsa fuska ya ce, "Mi kac ci haka?" Na tofar da yawu, na duba aikina.

Ƙarfen ya tashi sumul. Muka mayar, muka wana. Murya ta fito tas, kuma ta mace ce, wata Banasara tana rera abinta.

Tana cikin rerawa tsohuwa ta shigo. Ta tsaya har faifan ya ƙare. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙahon da ke hannuna ta ce, "Nan ciki ka sa shi?" Na ce, "Inna, babu kowa ciki." Ta ce da ɗanta, "Kirawo liman. Yau Auta na ya rasu."

An yi sadaka. Ta koma cin abinci, ta ƙara shekara huɗu a duniya. Abin da abokina ya nema ya samu. Amma har yau ban iya cewa daidai na yi ba, don ba nawa ba ne na taɓa, kuma mai shi ta hana ni.

Abin da na rasa ga shi. Ƙaho ɗaya, wanda na binne a bayan gari don babu wanda ya yarda in sake kifa masa shi. Gida tara da suka koma wurin wani wanzami. Da gaisuwar tsohuwa: shekara huɗu ina durƙusa mata kowace safiya, ba ta amsa ko sau ɗaya ba.