Sunan da Godelieve Ta Ƙi Bari Ya Ɓace

Da safiyar Talata, 11 ga Fabrairu, aka bugo mini waya cewa Godelieve Verhaegen ta rasu a gidanta da ke Antwerp, tana da shekara sittin da takwas. Na daɗe a zaune, na kasa ajiye wayar.

Godelieve, shekara talatin muka yi a gidan gwanjo ɗaya, ni ina buga guduma, ke kina rubuta tarihin kayan da zan sayar. Kina da taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba don kin mutu. Amma ke ce kika yi wata biyu kina kai wa matata miya a asibiti, kina yi mini faɗa a kan ramar da na yi.

Bara aka kawo mana wata sarƙar daimon da ta haura shekara ɗari biyu. An san duk waɗanda suka mallake ta, sai dai daga 1942 zuwa 1953 babu suna. Manaja ya ce a rubuta abin da aka saba, wato tana hannun wani gida. Na goyi bayansa, kuma har yau ina jin kunyar haka.

"Haba Lieve, ki bar maganar nan," na ce miki. "Masu saye ba sa son baƙin labari."

"Kai dai guduma ka iya, Remi. Sarƙa tana da ƙafa ne? Wani ne ya cire ta daga wuyan wata."

Aka yi miki barazanar kora, ko gezau. A cikin maɓallin sarƙar kika hango ƴar lambar da maƙerin zinariya ya karta lokacin da ya gyara ta, kika bi ta har wurin jikokinsa. Tsohon littafinsa ya nuna mai ita: Perla Wachsstock, Bayahudiyar da sojoji suka tafi da ita lokacin yaƙin duniya na biyu, ba ta dawo ba. Maƙwabcinta ne ya ɗauke sarƙar.

Kika nemo jikarta Mirjam, suka daidaita da mai sayarwa. Sharaɗinta ɗaya bai taɓuwa: a ambaci kakarta da baki a zauren gwanjo. Saura kwana tara a yi haka Allah ya karɓi ranki.

Ranar Alhamis, ranar gwanjon, na tsaya gaban jama'a na karanta sunayen waɗanda suka mallaki sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan na Perla, Mirjam ta miƙe tsaye. Ke kika dace ki ga wannan, ba ni ba. Ban samu na roƙe ki gafara kina raye ba, ina roƙo yanzu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Wilfried da ƴarki Katrien. Allah ya ba su haƙuri, ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya sa kin huta.