Rabona na Magani

Shekarar da ruwa ya ci unguwannin Gashuwa har muka koma zama a makarantar firamare, a shekarar ne matata ta gaji da ni. Ciwon sanyi ya dame ta. Sau uku tana zuwa asibiti, ta sha magani, ta samu sauƙi, bayan wata guda ƙaiƙayin ya dawo. Ni kuwa na ɗora laifin a kan masai na taro, daga baya na ɗora a kan tsaftarta. Wannan maganar ce ta sa ta tafi gidan yayanta a Nguru, ta ce ba ta dawowa.

Kowane zuwa, asibiti kan ba ta ƙunshi biyu, nata da nawa. Lafiyata ƙalau, sai na ga ɓarna ce in sha. Farar ƙwaya ce mai ɗaci, irin ta gudawa. Nakan rubuta «na ciki» da ajami a jikin takardar, in jefa a gwangwani. Maƙwabta da dama sun sha, sun yi mini addu'a.

Kafin tafiyar matata, wata ma'aikaciyar gwaji a asibitin, Kirista 'yar Filato, tana tattara samfur don wani bincike. Da izinin matata ta aiko a kira ni, na ba da fitsari. Aka yi watanni, har na daina jira.

Ranar da sakamako ya fito na koma, ta ce, «Baba, ƙwayar cutar nan tana da dangi kamar shanu, ana gane wadda ta fito daga wane garke. Ta jikin Mama da ta jikinka garke ɗaya ne. Namiji yakan ɗauke ta bai sani ba. Ka sha naka maganin kuwa?»

Na ce na yi sadaka da shi.

«To, ka samu lada, ita ta samu ciwo.»

Wanda ya fara kawo ta, Allah ne masani, don dukanmu mun yi aure a baya.

Na karɓi magani a asibiti, na hau mota zuwa Nguru. Na tarar da ita tana tankaɗen gero. Na zauna a ƙasa, na warware sabon ƙunshi, na ce ta yafe mini maganar tsafta.

Ta ajiye rariya, ta dube ni. «Malam, haɗiye tukuna in gani.»

Na haɗiye da bisimilla. Ta sa na buɗe baki, ta duba, sannan ta miƙo mini ruwa.