Neman eriyar motar Baba a Katagum

Ana sallame sallar asuba muka bar Misau, ni da ƙanena da bakaniken da ke haɗa mana motar Baba. Abin da ya fitar da mu bai fi kamu ɗaya ba in an naɗe shi: eriyar rediyo ce.

Motar ƙirar Faransa ce, Baba ya saye ta sabuwa tun yana malamin gona, ta kuma daɗe a rumfa ba ta motsi. Shi kuwa tsufa ya taɓa masa tunani. Shekara biyu ke nan bai kira sunan ɗayanmu ba, yini yake a zaune shiru. Da muka soma gyaran motar don ya riƙa ganinta, na sayo sabuwar eriya na ɗaura. Ya zo ya shafa ta, ya ce, "Wannan ba tata ba ce." Rabon da mu ji cikakkiyar magana daga bakinsa har mun manta. Tun ranar na sa wa raina cewa in na samo ta ainihi, wataƙila ya dube ni ya gane ni.

Kaka ce, dammunan gero jere a bakin hanya. Da hantsi muka shiga Azare, muka karya da waina. Bakaniken nan da ya ce ba ya jin yunwa, shi ya tashi da rabin kwanon.

Aka kwatanta mana shagon wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo, wanda ya fi shekara talatin a garin, Hausarsa har ta fi tawa gishiri. Ya zube mana eriya kusan goma, duk suna ƙyalli, na fara murna. Sai ya ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta manne. Ya ce, "Malam, ta kamfani tagulla ce aka yi wa farin ruwa, ba ta kamawa. Gaɓa huɗu gare ta, gindinta a karkace don ya hau kafaɗar motar, kuma da ɗan makulli ake fito da ita. Ba ni da ita, ba zan cuce ka ba." Ya ba mu aron mayen ƙarfen, ya tura mu Katagum wurin wani tsohon direba.

Hanyar ta ba mu wuya. Ramuka sun cinye kwalta, gidajen mai a rufe, 'yan bumburutu kuma sun ninka kuɗin galan ba ko kunya. Waya ta ɗauke tun daga Gadau. Amma da muka kusa, fadama ta buɗe kore shar, mata na tallan soyayyen kifi mai arha.

Bayan azahar muka sami tsohon direban, wani Alhaji, a ƙofar gidansa. Motarsa, irin ta Baba sak, tana bayan gidan a kan duwatsu, ba taya, kaji sun mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Eriyar na nan a lume cikin kafaɗar dama. Bakanike ya kai filaya zai fizgo ta, tsohon ya buge masa hannu. "Yaran yanzu komai da ƙarfi. Ta ƙasa ake kwance ta." Ya shiga ɗaki ya fito da ɗan makulli ɗaure a zare, ya murɗa, ya ja a hankali, gaɓa huɗu cif. Na kara mayen ƙarfe, ya zame ya faɗi ƙasa.

Na tambayi kuɗinta, ya tambaye ni dalilin nemanta. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Ɗana, matata ma haka ta yi kafin ta rasu. Ɗauki ka tafi, kada ka ɓata lokaci." Ko kwabo ya ƙi karɓa.

Muka kwana a Azare, muka mayar wa mai shago kayansa, washegari da hantsi muna gida. Baba na kan tabarma a zaure. Na durƙusa na sa masa eriyar da makullin a hannu. Bai yi lalube ba ko kaɗan. Ya murɗa, ya zaro gaɓoɓin, ya goge ta da bakin rigarsa, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ita ce." Sannan ya ɗago ya dube ni sosai. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Kai ɗan gidan wa ne?"

Na fita bayan rumfa na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Tafiyar ta koya min gane eriya ta gaske, ta kuma haɗa ni da dattawa biyu da ba su san ni ba suka yi min halacci. Abin da ya fi wuyar koyo shi ne, na tafi ne don a gane ni, alhali shi farin cikin kawai yake bukata, kuma ya samu. Yanzu kullum da yamma nakan zaunar da shi a gaban motar in kunna masa labarai. Yana kirana Malam, ina amsawa.