Faifai uku, suna ɗaya

Azahar ta wuce, ina ta kai-komo a ɗakin kwamfuta, gumi na zuba duk da sanyin ɗakin. Zamanin kuɗin mai ne, ina sabon ma'aikaci a wani kamfanin jigilar alhazai a Fagge. Manaja na jiran sunayen masu tashi gobe, injin kuwa ya ƙi karɓar faifan da suke ciki. Na cire, na hure, na mayar, ya ƙi. In la'asar ta yi babu takardar nan, aikina ya tafi.

Na hau keke sai Sabon Gari, na taso Mista Okeke, mai gyara mana injin, yana tsakiyar cin abinci.

Ya duba injin, ya dube ni. "Malam, wane suna ka ba faifan nan?"

"Na sa masa 'Bismillahi, Alhazai'. Ai ba na fara komai sai da ita."

"Sauran faifai biyun da ke cikin injin fa?"

"Su ma da ita na fara."

Ya dafe kai. "Harafi shida na farko kawai injin nan yake riƙewa! Ka raɗa wa faifai uku suna ɗaya, ina zai san wanda kake kira? Yi bisimillarka da baki, ni in ba shi lamba."

Na yi, ya buga. Ana kiran la'asar takarda na fitowa.

Har yau in zan sa wa fayil suna, sai leɓena ya motsa tukuna. Ku fa, wace tarbiyyar gida kuka taɓa kai wa inji ya ƙi karɓa?